Ciwon Mara Da Abokan Tafiyarsa

Wannan darasi a kan lafiyar mata ne, amma kai mai gida kada ka ajiye takardar don ka ji haka. Kuɗin mota da na magani daga aljihunka su ke fita, izinin fita kuma a bakinka ya ke. In kai ne mai karatun boko a gidan, ka tara matan bayan sallar lisha ka karanta musu sannu sannu. In kunya ba za ta bari ba, ka ba wata yarinya 'yar makaranta ta karanta musu a cikin gida, tsofaffi ma su zauna su ji.

Mara ita ce ƙasan ciki, watau daga cibiya zuwa gaba. Kusan kowace mace ta san ciwon mara na kwana 1 ko 2 sa'ad da al'ada ta zo. Ba shi mu ke nufi ba. Wanda mu ke magana a kansa shi ne wanda ya zauna har ya kai wata 6 ko fiye, ko kullum ne, ko kuwa ya tafi ya komo, har ya hana mace daka da ɗiban ruwa, ya sa ta riƙa jin tsoron ranar girkinta.

Ni da ke rubuta wannan malamin ɗakin shan magani ne, na yi shekaru ina aiki a ƙauyukan ƙasar Birnin Kudu da ta Gwaram. Ga abin da na saba gani. Mace ta shigo, ta zauna a bakin benci, ta sunkuyar da kai. A tambaye ta abin da ke damunta, ta ce, "Sanyi ne, Malam." Daga nan ba za ta ƙara ko kalma ɗaya ba sai an yi ta jan ta da tambaya. Sanyi ya zama buhu a wurinmu, kowace cuta ta mata a ciki a ke zuba ta. In kuwa aka bi ta a hankali, sai a tarar ciwon mara ɗin yana tafe da waɗansu: ko fitsari na yi mata zafi, ko cikinta na kumbura, ko jininta ya yi ƙasa, ko ta yi wata da watanni ba ta yi barcin kirki ba. Waɗannan abokan tafiya su ne ke nuna wa likita inda cutar ta ke. Sau da yawa kuma su ne ake iya warkarwa tun kafin a kai ga tushen ciwon.

Me ya sa haka? Mara wuri ne ƙarami, amma mazaunansa da yawa. Mafitsara tana gaba, mahaifa tana tsakiya tare da hanyoyin ƙwai biyu, dama da hagu, ƙarshen hanji kuma yana baya. Nama da ƙashin ƙugu sun tallabe su duka. Jijiyoyin da ke kai labarin zafi daga waɗannan wurare zuwa ƙwaƙwalwa kusan hanya ɗaya su ke bi. Ku ɗauka gida ne mai sassa uku da zaure ɗaya. In hayaƙi ya fito ta zaure, mai wucewa ba zai san sashen da ke cin wuta ba. In kuma aka daɗe ba a kashe ba, sai ta bi zana ta shiga sashen makwabci.

Sanyi na gaskiya

Akwai shi, ba mu ce babu ba. Ƙwayoyin cuta ne su kan hau daga gaba su shiga mahaifa da hanyoyin ƙwai. Biyu da ke kan gaba su ne gonoriya da kilamidiya, kuma ta wurin kwanciya a ke ɗaukarsu. Ba a ɗaukarsu a masai, ba a ɗaukarsu don an zauna a ƙasa mai damshi. Namiji ya kan riƙe su bai sani ba, don wani lokaci ba ya jin kome. Waɗansu ƙwayoyin kuma su kan shiga bayan haihuwa ko ɓari, in an sa hannu marar tsabta, ko in wani abu ya rage a mahaifa. Saboda haka kada a yi saurin zargin kowa.

Alamarsa ruwa mai wari ko mai launin ɗorawa, da zazzaɓi, da zafi can ciki lokacin kwanciya. Farin ruwa kaɗan marar wari marar ƙaiƙayi ba cuta ba ne, halitta ce. Mai ƙaiƙayi kuwa, mai kama da dunƙulen kindirmo, wata cuta ce dabam mai sauƙi, kuma yawan shan kafso ƙara ta ya ke yi.

Maganin sanyi na gaskiya kwana 14 a ke sha. Mace ta kan ji sauƙi a kwana na 3, sai ta ajiye sauran don wata rana. Kuskure ne babba. Lalle ne kuma mai gida ya sha nasa, in akwai abokan zama su ma a duba su, a kuma dakata da kwanciya sai an gama. In an yi wa mace ɗaya magani a gida mai mata uku, an yi aikin banza, kafin wata ya ƙare ta sake ɗauka.

Abin tsoro ga wannan cuta shi ne tabon da ta ke bari. Hanyar ƙwai siririya ce ƙwarai, tabo kaɗan ya isa ya toshe ta ko ya manne ta da hanji. Daga nan ne ciwo ke zama ko bayan ƙwayoyin cutar sun mutu, daga nan ne kuma rashin haihuwa ke zuwa. In tabo ne ya rage, allura ɗari ba za ta kankare shi ba, sai dai ta cinye kuɗin hatsi. Kuma mai gida, in an yi shekara guda ana tare ba a sami ciki ba, ku biyun za a gwada. Gwajin namiji ya fi sauƙi, ya kuma fi araha, sau da yawa kuwa a wurinsa matsalar ta ke.

Tsargiya

A nan zan daɗe, domin ita ce aka fi mantawa a ƙasarmu. Kowa ya san yaro mai fitsarin jini, har waɗansu na cewa alamar girma ce. Ba girma ba ne, tsutsa ce. Wani likita Bajamushe mai suna Theodor Bilharz ne ya fara ganinta a birnin Alƙahira a 1851.

Ga yadda ta ke yawo. Mai cutar ya yi fitsari a rafi ko kududdufi, ƙwan tsutsar ya faɗa ruwa ya ƙyanƙyashe, ya shiga jikin wani ƙaramin dodon koɗi na ruwa. A can ya ke yaɗuwa, sa'an nan 'ya'yan su fito dubbai, ido ba ya ganinsu. Duk wanda ya tsoma ƙafa, sai su huda fata su shiga. Ba sai an sha ruwan ba. Su girma su zauna cikin jijiyoyin jini na kewayen mafitsara, su yi shekaru suna zuba ƙwai.

To, ga mace ƙwan ba a mafitsara kaɗai ya ke tsayawa ba. Ya kan maƙale a gaba, da bakin mahaifa, da hanyoyin ƙwai. Sai ga ciwon mara, da ruwa mai ƙaiƙayi, da ɗigon jini bayan kwanciya, da zafi, wani lokaci da rashin haihuwa ko ɓari. Duk wanda ya ji wannan lissafi zai ce sanyi ne. Har ma'aikatan asibiti su kan ruɗe. An ƙiyasta mata da 'yan mata wajen miliyan 56 ke ɗauke da wannan a Afirka. Ku tuna su wa ke wanki a bakin kogi, su wa ke wanke-wanke a kududdufi da damina, su wa ke tsayawa cikin ruwa wajen dashen shinkafa a fadama.

Na taɓa karɓar wata mata daga wani ƙauye na bakin kogi a ƙasar Gwaram. Shekara 3 tana fama. Ta sayar da awakinta biyu, kuɗin ya ƙare a allurar sanyi wurin wani mai kemis. Dangin mijin sun fara maganar a sallame ta, har da mugun zato a kanta, don sun ce sanyi ba ya zuwa haka nan. Na tambaye ta ko ta taɓa fitsarin jini tana yarinya. Ta yi dariya, ta ce ai duk yaran garinsu sun yi. Na tura ta gwajin fitsari, aka ga ƙwan tsutsar. Aka ba ta magani, ruwan ya tsaya, ciwon ya ragu sosai, ko da ya ke bai tafi duka ba, don tabon ya riga ya tsufa. Da an yi mata wannan tambaya tun shekarar farko, da awakinta suna nan.

Sunan maganin firazikwantel. Ƙwaya ce, gwargwadon nauyin mutum a ke ba da ita, a sha bayan an ci abinci. Ita ce a ke raba wa 'yan makaranta bayan an auna tsawonsu da sanda. In masu rabon sun zo, kada ku ɓoye 'yan mata, har da masu talla waɗanda ba sa zuwa makaranta. Maganin yana kashe tsutsa, amma ba ya hana wata sabuwa shiga. Don haka a yi wanka da wanki da ruwan rijiya ko na famfon tuƙa-tuƙa. In dole sai na rafi, a ɗebo a ajiye a randa kwana 2 kafin a taɓa shi, 'ya'yan tsutsar za su mutu. A kuma hana yara fitsari cikin ruwa.

Al'ada mai zafi da jini mai yawa

Akwai wata cuta mai sunan Turanci mai wuyar faɗi, endometiriyosis. Irin shimfiɗar nan ta cikin mahaifa, wadda ke zubewa kowane wata, ita ce ke tsirowa a waje, a kan ƙwai, ko hanji, ko mafitsara. In al'ada ta zo, ita ma sai ta kumbura ta yi jini, ga shi babu ƙofar fita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mace 1 cikin 10 na masu shekarun haihuwa tana da ita, watau wajen miliyan 190 a duniya. Alamarta ciwon al'ada mai kwantar da mutum, wanda ke farawa tun kafin jini ya zo, da zafin bayan gida ko fitsari a kwanakin al'ada, da zafi can ciki lokacin kwanciya. Tun ana budurwa ta kan fara. Iyaye su kan ce, "Ki yi haƙuri, in kin yi aure zai daina." Aure ba ya warkar da ita. Hoton ciki ma wani lokaci ba ya nuna ta, don haka in an ce hoto bai ga kome ba, ba a ce ƙarya ta ke yi ba. Likita ya kan kwantar da ita da ƙwayar tazarar haihuwa ko allurarta, in ana neman ciki sai a daina. Wata sai an yi aiki.

Ƙari a mahaifa kuma ya fi yawa ga mata baƙar fata. Mafi yawansa ba sankara ba ne. Ya kan sa nauyi a mara, da yawan fitsari in ya danne mafitsara, da jini mai yawa har da guda-guda.

Abokin tafiyar jini mai yawa shi ne ƙarancin jini. In al'ada ta wuce kwana 7, ko ƙyalle na jiƙewa kafin awa 2, to ana asara. Mace ta riƙa jin jiri in ta miƙe, da haki in ta ɗauko tulu, da bugun zuciya, wata har ta riƙa marmarin cin farar ƙasa. Ku ja fatar idonta ta ƙasa ku duba a hasken rana. In ta yi fari fat maimakon ja, a je a auna jini. Ƙwayar ƙarin jini sai an sha wata 3 ko fiye. Ta kan mai da bayan gida baƙi, wannan ba abin tsoro ba ne. A ci zogale, da rama, da alayyaho, da wake, da kifi, da hanta ranar kasuwa in da hali. Kada a kora abinci da shayi, yana hana jiki ɗaukar amfaninsa. A sha maganin tsutsar ciki kuma.

Hanji da mafitsara

Mata da yawa masu ciwon mara, mahaifarsu lafiya lau ta ke, hanjinsu ne ke da fushi. Ciki ya kumbura da yamma, iska ta yi yawa, yau bayan gida ya yi tauri, jibi gudawa. Babbar alama ita ce ciwon ya kan sauya in an zaga, yawanci ya lafa. Wannan ba ya kisa, amma yana wahalarwa, ɓacin rai kuma na tayar da shi. A sha ruwa sosai, a yawaita miyar ganye, a lura da abincin da ke tayar da shi. Ga wata wake ne, ga wata nono, ga wata yaji. Amma in akwai jini a bayan gida, ko rama, wannan maganar likita ce, kada a ce basir ne a zauna.

Mafitsara ita ma haka. In fitsari na zafi, a gwada shi tukuna. In an ga ƙwayar cuta, magani na 'yan kwanaki ya isa. Akwai kuma wadda za ta tashi sau 5 ko 6 cikin dare, mara ta yi zafi in mafitsara ta cika, ta lafa in ta zubar, amma gwaji ya fito fes. Fatar cikin mafitsarar ce ta yi laushi, kafso ba ya yi mata kome. Na lura matanmu suna ƙin shan ruwa in za su tafi unguwa ko kasuwar Sara, suna kuma riƙe fitsari yini guda don kunya. Wannan al'ada ba ta da kyau. Mai yawan fitsari da ƙishirwa kuma a gwada ta ko ciwon suga ne.

Wadda fitsari ke zubo mata ba tsayawa bayan doguwar naƙuda, wannan yoyon fitsari ne, ana kuma ɗinke shi. A asibitin Jahun ƙungiyar likitoci ta MSF tana wannan aiki tun 2008.

Baya, ƙugu da jijiyoyi

Ku lissafa abin da ƙugun macen ƙauye ke ɗauka: tulu, da itace, da taɓarya, da goyo a baya ga wani cikin a gaba. Bayan haihuwa 7 ko 8 naman da ke tallabe da mahaifa ya kan saki, ta ji kamar wani abu zai faɗo, ya fi tsanani da yamma, ya lafa in ta kwanta. Ga wata kuma naman ɗaurewa ya ke yi tamau saboda daɗewa cikin ciwo, sai kwanciya ta zama azaba. Duka biyu akwai abin da a ke yi musu a asibiti, in an faɗa.

Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai gudu. Jijiyoyin jiki ma haka su ke. In sun daɗe suna kai labarin zafi, sai su zama masu firgita, abu kaɗan su kai ƙara. Shi ya sa mai tsohon ciwon mara ta kan haɗa da ciwon kai na ɓari ɗaya, da ciwon jiki ko'ina, da gajiya tun da safe. Gwaji ba ya nuna wannan, amma zafin na gaske ne. Akwai ƙwaya ta dare da likita kan ba da kaɗan kaɗan don kwantar da jijiyoyin, ta kan yi mako 2 zuwa 4 kafin a ji amfaninta. Tafiya a ƙasa kullum, da gasa mara da tsumma mai ɗumi, suna taimako. Kwanciya yini guda ƙara ciwon ta ke yi.

Damuwa

Yanzu da ke na ke magana, Iya, uwar mai gida, don a gidaje da yawa abin da ki ka ce shi ne hukunci. Kin ga matar ɗanki ta rame, ba ta hira, abinci ba ya yi mata daɗi, kuka ba dalili, aikin da ta kan gama da hantsi yanzu sai la'asar. Kin ce son jiki ne. Wata maƙwabciya ta ce iska ce. Wata ta ce kishiya ce ta yi mata sammu, gida ya rikice.

Ki auna da kanki. Mutum ya yi wata 6 ciwo na tashinsa tsakar dare, ga gorin rashin haihuwa, ga tsoron saki, ga kuɗi sun ƙare. Ciwo ya hana barci, rashin barci ya ƙara ciwo, zuciya ta karaya, karayar zuciya kuma ta sa jijiyoyi su ƙara jin zafi. Haka abin ke zagayawa. Likitoci sun tabbatar ciwon damuwa da fargaba sun fi yawa ga masu daɗaɗɗen ciwon mara. Cuta ce mai magani, ba hauka ba ce, ba kuma raunin imani ba ne. A yi addu'a, a kuma kai ta asibiti, ɗaya ba ya hana ɗaya. In har ta ce gara ta mutu ta huta, kada a ɗauka maganar fushi ce. Kada a bar ta ita kaɗai, a kawar da maganin ƙwari na gona daga inda hannunta zai kai, a kai ta wurin likita a ranar.

Akwai kuma maganar da ba a so a yi. Macen da a ke duka, ko a ke tilasta mata kwanciya tana cikin ciwo, ko aka yi mata fin ƙarfi tana ƙarama, jikinta ya kan riƙe abin shekaru, ya fito a mara. Mai gida, in ta ce da zafi, da zafi ɗin ne. Ba ƙinka ta ke yi ba.

Cutar da neman magani ke jawowa

Wannan mu ne ke gayyato ta da kanmu. Ƙwayoyin kashe zafi irin su ibuprofen da diclofenac suna da amfani a kwanakin al'ada, in an ci abinci. Amma wadda ke shan biyu da safe biyu da dare, wata da watanni, da yunwa, za ta sami gyambon ciki, ƙodarta ma ta taɓu. In bayan gida ya yi baƙi kamar kwalta ga wadda ba ta shan ƙwayar ƙarin jini, gyambon ne ke zub da jini. Haɗin nan na masu tallar magani, ƙwaya biyar a ƙullin leda ba suna, ku guje shi. Tramadol kuwa kama mutum ya ke yi, na ga matan aure masu mutunci da suka fara shi don ciwon mara, suka kasa bari. Maganin tari mai kodin ma saboda irin wannan ne Gwamnatin Tarayya ta hana shi a 2018.

Matsi da a ke cusawa a gaba, ko kanwa, ko alif, ko garin itace, yana ƙona fata, ya buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa. Yankan gishiri kuma, wanda wanzami ko tsohuwa kan yi don zafin fitsari ko zafin kwanciya ko rashin haihuwa, ba ya warkar da ko ɗaya cikinsu. Aska na iya huda mafitsara, a je neman sauƙi a komo da yoyon fitsari.

Alamun da ba a kwana da su

Mai tsohon ciwo ta saba da haƙuri, mutanen gida kuma sun saba da jin nishinta. Nan haɗarin ya ke, don ranar da sabon abu ya zo sai a ce na kullum ne. In ta yi ɓatan wata 1 ko 2, sa'an nan ciwo ya soke ta a gefe ɗaya, da ɗan baƙin jini, da jiri ko suma, wani lokaci har da ciwon kafaɗa, to mai yiwuwa ciki ne ya zauna a hanyar ƙwai ya fashe. Jini na zuba a ciki inda ba a gani. Wannan ya fi samun waɗanda suka taɓa sanyi ko tsargiya. Kada a tsaya jiƙo, kada a jira gari ya waye, kada ma a tsaya a ɗakin shan magani irin nawa, ba mu da abin yi. A wuce asibitin da a ke yin aiki, kamar Asibitin Tarayya na Birnin Kudu, a tafi da 'yan'uwa biyu ko uku masu ƙarfi waɗanda za su ba da jini. Mutanen Basirka da Farin Dutse da sauran garuruwa masu nisa, ku ajiye lambar wayar direba tun yau. Haka kuma in ciwo ya zo da zazzaɓi mai zafi da amai, ciki ya ƙi taɓuwa.

Jini bayan kwanciya, ko jini ga wadda al'ada ta daɗe da ɗauke mata, ko ruwa mai wari wanda ya ƙi magani, a duba bakin mahaifa, don sankara haka ta ke farawa. In an kama ta da wuri ana warkewa. Akwai rigakafinta yanzu. A watan Oktoba na 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a Nijeriya, allura ɗaya, kyauta, Jigawa kuwa tana cikin jihohin farko. Ba ta hana haihuwa.

Tarin fuka ma ya kan sauka a mahaifa, ko babu tari. Rama, da gumin dare, da zazzaɓin yamma, da al'ada ta ragu ko ta ɗauke, musamman in wani ya yi tarin a gidan. Maganinsa wata 6 ne, kyauta.

Ranar zuwa asibiti

Uwar gida, ga aikinki. Kafin ki je, ki yi wata 2 kina ƙidaya. Ki sami gawayi, a bangon ɗakinki bayan gado ki ja layi duk ranar da ciwo ya tashi, ki yi zobe duk ranar da ki ka ga jini. In layukan suna taruwa kusa da zobba, likita zai fi zargin mahaifa. In sun warwatse, zai duba hanji da mafitsara da baya. Ki sa yaro ya kwafe miki a takarda.

Ki tara fankon duk maganin da ki ka sha a leda ki tafi da shi, har na gargajiya ki faɗa, ba wanda zai yi miki faɗa. In an tambaye ki, kada ki tsaya a "sanyi ne." Ki faɗi fitsarinki, da bayan gidanki, da barcinki, da yawan jinin, da zafin kwanciya, da ko kin taɓa fitsarin jini, da ruwan da ki ke wanki a ciki. In ba za ki iya gaya wa namiji ba, ki ce a kira miki ma'aikaciya mace, hakkinki ne. Mai gida ya raka ki, amma ya jira a waje in an zo tambayoyin.

Kada ki sa rai a gama da zuwa ɗaya. Ya kan zama a fara da jini da fitsari, a ce ki komo bayan mako 2, in abin ya fi ƙarfinmu a rubuta miki takarda zuwa Birnin Kudu, ko asibitin Rasheed Shekoni a Dutse, ko na Malam Aminu Kano a Kano. Katinki da takardun gwaji da na hoto, ki naɗe su a leda ki sa a ƙasan adaka inda gara da yara ba za su kai ba, duk asibitin da za ki, ki tafi da su, don kada a sake sa ki biyan kuɗin gwajin da aka riga aka yi.